Fasfon Abba da Idon Hajiya

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A masallaci ana tambaya, a wajen suna ana tambaya, 'yan uwa na Funtuwa kuma sun cika mini waya da saƙon murya: Rakiya, yaya Alƙahira, kin hau raƙumi, kin ga dalar Fir'auna? To bari in faɗa tun da wuri kowa ya huta. Ban hau raƙumi ba, dala kuma ƙololuwarta kawai na hango ta tagar mota, ita ma ƙanena Mustafa ne ya nuna mini. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Na tafi ne in kai wa mahaifiyata jikanta ta gan shi kafin idonta ya rufe. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, a Esbjerg nake zaune, wani gari a bakin teku a ƙasar Denmark, inda nake aiki a gidan kula da tsofaffi. Na daɗe a can har na zama 'yar ƙasa, ina riƙe da jan fasfonsu. Maigidana Nasiru yana cikin masu gyaran manyan fankokin nan na lantarki da aka kafa a tsakiyar teku, yakan yi makonni a kan ruwa. Ɗanmu ɗaya, mai sunan mahaifina marigayi, muna kiransa Abba. A lokacin ya ɗan haura shekara biyu, kuma Hajiya, mahaifiyar tawa, ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Mun nema mata biza ta zo wurinmu ba a dace ba, mu ma duk lokacin da muka shirya zuwa gida sai wani abu ya gifta. Ga ciwon suga ya riga ya cinye mata idon hagu, na dama ma in na haska mata yaron a waya sai ta ce haske kawai take gani yana motsi.

Da abin ya tsananta, 'yan uwa suka haɗu aka kai ta Alƙahira, inda autanmu Mustafa yake karatun addini. Likita ya duba ya ce fatar nan ta can bayan ido, wadda ke ɗaukar hoton abin da mutum yake kallo, ta fara ɗagowa, sai an yi aiki. Ya kuma gaya musu gaskiya: aikin yana iya ceto idon, yana iya kuma tafiya da ɗan abin da ya rage. Hajiya ta ce ta ji, amma sai ta ga mijinta tukuna. Haka take kiran Abba, irin wasan kaka da jika, ga shi kuma ba ta iya faɗin sunansa na yanka.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Mai fasfon Denmark ba sai ya nemi bizar Masar tun daga gida ba, a filin jirgi ake ba shi in ya sauka. Na ɗauki hutu, na sayi tikiti, na ɗuro akwati da man zafi da cakulan mara suga, muka hau jirgin ƙasa zuwa Copenhagen ni da Abba, ina jin kaina kamar wadda ta gama da duniya.

A kantar da ake auna kaya wata matashiya ta karɓi fasfo biyu. Ta duba nawa ta ajiye. Ta buɗe na Abba, ta ɗan daɗe, sannan ta ɗago ta ce mini cikin ladabi ba za ta iya barin yaron ya hau jirgi ba. Masar tana so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, na Abba kuwa saura wata huɗu.

Na ce, “Ba zai yiwu ba, ai kwanan nan muka yi shi.”

Ta juyo mini da shafin. Ashe a Denmark fasfon babba ne yake shekara goma. Na yaro shekara biyar ne, na jariri da bai kai shekara biyu ba kuwa shekara biyu kacal, saboda fuskar jariri ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mu kuwa tun yana ɗan wata biyar muka yi masa. Ni nawa na duba, na ɗauka duk tafiyarsu ɗaya.

Nan fa Bafuntuwar da ke cikina ta tashi. Na roƙe ta, na gaya mata labarin Hajiya, na ce ta dubi Allah, da yarensu wanda ba a saba jin wannan maganar a cikinsa ba. Na ce a kira mini babba. Babban ya zo, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ko sun bar mu, a can za a juyo da mu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda zan yi faɗa da shi. Ba su ɗaga murya ba, ba su wulaƙanta ni ba, ba su kuma matsa ko taku ɗaya ba. Yarinyar har ruwa ta kawo wa Abba. A raina kuwa babu sunan da ban kira ta da shi ba.

A jirgin ƙasa na komawa na kira Mustafa. Ya ce, “Yaya, likita fa ya ce kada a ja lokaci.”

“To ku shigar da ita, mu same ku bayan an yi.”

Sai na ji muryar Hajiya daga gefe. “Gaya mata babu mai taɓa idon nan sai na ga mijina. In an yi aikin ya tafi da ganin, da me zan gan shi? Da gwiwa?”

Wanda ya san Hajiya ya san in ta kafe, an gama. Na kifa kai a kan akwati na yi kuka tun daga nan har muka ƙetare babbar gadar teku, Abba yana shafa mini ɗankwali yana tsammanin wasa ne.

Washegari tun kafin a buɗe ina ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, don a can ake yin fasfo. Wata dattijuwa mai gajeren farin gashi ta karɓe ni. Ta ce ana iya yi cikin gaggawa, 'yan kwanaki ne, amma fasfon yaro sai uwa da uba duka sun amince. Na ce ubansa yana tsakiyar teku. Ta ce ba komai, ta wayarsa ma zai iya sa hannu. Matsalar ita ce in Nasiru ya hau saman fankar nan ba ya taɓa waya sai ya sauko. Ta ce mu ɗauki hoto kafin nan. Hoto kuwa ya zama yaƙi, don ana son yaro ya kalli gaba, bakinsa a rufe, Abba kuma bai taɓa rufe baki don wani ya ce ya rufe ba. Sai ga matar nan, mai shekarun Hajiya, ta ɗora jar safar hannu a ka tana kukan agwagwa a bayan na'ura, har ya tsaya yana kallonta da mamaki aka ɗauka.

Ta kuma juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna mini shafin da gwamnatinsu take jera ƙa'idar kowace ƙasa: wadda ke son biza, wadda ba ta so, wata nawa ake so ya rage a fasfo, da abin da ya shafi yara. Ta ce kowace tafiya in fara da nan, kuma fasfon kowa in buɗe shi daban. Ba ta faɗa da gori ba. Da yamma ana dab da tashi sai ga wayarta, ita da kanta, ta ce amincewar Nasiru ta shigo, ta riga ta tura. Ban san ta ba, ba ta san wani nawa ba, ko na goro babu wanda ya nema. Wannan hali nasu har yau yana burge ni. Dokar da ta hana ni tafiya ba ta san fuska ba, kuma da ta tashi yi mini aiki ma ba ta tambayi 'yar gidan wa ce ni ba.

Kwanakin jiran nan ba na son tuna su. Kullum sai na tambayi Mustafa yaya idon, kullum sai ya ce da sauƙi, irin da sauƙin da ake faɗa wa na nesa. Ranar da sabon fasfo ya fito na buɗe shi a tsaye a gaban kanta na karanta kwanan watan sau uku.

Mun sauka Alƙahira da la'asar. Na bi ayarin mutane na shiga layin jami'an shige da fice, sai da na kai gaba jami'in ya juya fasfo ya ce ina biza. Ashe ba a wurinsa ake biya ba. Akwai tagogin banki kafin layin, a nan ake sayen 'yar sitika da dalar Amurka, kowane fasfo da tasa har na yaro, sannan a kawo masa ya buga hatimi. Na waiga na ga tsawon layin da zan sake bi. Sai ya ce, “Ma'alish, ma'alish,” wato ba komai, ya yi mini nuni in je in dawo kai tsaye wurinsa. Da na dawo ya dubi jan fasfo, ya dubi fuskata da hijabina, ya ce, “Danimark?” Na ce asalina Nijeriya. Ya washe baki ya fara lissafo mini 'yan ƙwallonmu, waɗanda ni ban ma san su ba. Ya buga mana wata ɗaya, ya leƙo ya ce wa Abba “ya asal”, wai zuma, ya zaro alewa daga aljihu ya ba shi.

Mustafa yana jira a waje, ya rame ya yi tsawo, ya koyi magana da hannu kamar Bamisire. Muka ɗauki tasi. Ni da na saba da garin da mota take tsayawa tun kafin ka sa ƙafa a titi, sai na ga motoci suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa hannunsa a kan oda, mutane suna ratsawa ta tsakiya hankali kwance. Na rungume Abba ina salati. Mustafa ya ce, “Yaya, ki saki jiki, odar nan gaisawa suke yi.”

Masaukin da suka kama yana Ard al-Liwa, unguwa mai cunkoso a ɓangaren Giza, cike da Sudanawa da Habashawa da mutanenmu. Layin dogo ne ya raba ta da unguwar da asibitin yake. Tasi ba ta shiga lungunan, sai tuktuk, ɗan'uwan adaidaita sahunmu, sai dai nasu ya fi rashin kunya. Gidajen dogaye ne, sun kusa haɗa goshi, shanya ta ko'ina. A hawa na huɗu muka sami Hajiya zaune a bakin gado, ta ci kwalliya da atamfarta ta sallah, ta sha turare.

Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ko bi ta kaina ba. “Ina mijin nawa?”

Na tura shi gabanta. Ta ce a buɗe taga. Aka buɗe. Ta ce a kunna fitila. Aka kunna. Ta jawo shi har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Can ta ce, “Inuwa ce kawai.” Ta sa hannu biyu ta shafa goshinsa, da kunnuwansa, da kumatunsa, shi kuma ya tsaya cak, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sannan ta ce, “Mustafa, kira likitan. A yi aikin.”

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni. Mustafa ya gaya mini daga baya cewa a makon da ya wuce tana iya gane fuska in an matso kusa. Kwanakin da fasfo ya ci su ne suka tafi da wannan. Babu wanda ya ce laifina ne, kuma da sun faɗa da ya fi mini sauƙi.

An yi aikin lafiya. Likitan, wani mai sanƙo da fara'a wanda yake kiran Hajiya “ya Hagga”, wato Hajiya da bakinsu, ya zaunar da mu ya yi bayani, Mustafa yana fassarawa. Ya ce ya mayar da fatar wurinta, ya cika idon da wata iska da za ta danne ta har ta kama. Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, za ta yi kwanaki fuskarta tana kallon ƙasa, a zaune ko a kwance. Na biyu, ba za ta hau jirgin sama ba sai iskar ta ƙare. Ya ce yanzu ba za ta ga komai ba, amma yayin da iskar take raguwa za ta ga wani layi kamar na ruwa a kwalba yana sauka. Abin da ke saman layin shi za ta fara gani, in har aikin ya karɓa. Sai layin ya wuce tsakiya za a san gaskiya, kuma wannan makonni ne.

Hajiya ta ce ba ta taɓa jin an rubuta wa mutum sujada a matsayin magani ba, amma ta karɓa. A nan ne na san Ummu Karim, matar mai gidan, wadda take hawa na ƙasa da mu. Mace ce mai jiki da murya, ba ta jin Hausa, Hajiya ba ta jin Larabcinsu, amma sai su yi awa suna hira. Ita ta hawo da ɗan gajeren teburinsu na cin abinci ta ɗora matashi a kai, Hajiya ta samu wurin kifa goshi. Abba kuwa ya gano sabon wasa: ya kwanta rigingine a ƙarƙashin teburin ya leƙo fuskar kakarsa yana yi mata surutu da yaren Denmark. Ita kuma ta ce, “Ka ji miji, ko gaisuwa bai iya ba, sai gwaranci.”

Ummu Karim ta ɗauki ciyar da mu kamar wajibi. Da safe ful, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai da lemun tsami, a ci da gurasarsu mai kumburi. Gurasar nan ƙanwar ta Kano ce, kuma masu kawo ta a kan keke suke, da faifan katako mai tsawon ƙofa a ka, hannu ɗaya a kan keke, ban taɓa ganin ta zube ba. Akwai koshari, wanda in ka gan shi za ka ce garau-garau ne ya yi arziki: shinkafa, taliya, wake iri biyu, soyayyar albasa da miyar tumatir. Wata rana ina kicin ɗinta tana yin mulukiya, na leƙa tukunya na ga ai lalo ce tamu ta gida. Tana juye soyayyar tafarnuwa a ciki sai ta ja wani numfashi da ƙarfi kamar wadda aka soka wa allura. Na yi kanta da gudu ina neman inda ta ƙone. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe al'ada ce, in ba a yi wannan shessheƙar ba wai miyar ba ta daɗi. Na gwada a gida bayan na dawo, Nasiru ya fito a guje da tawul.

Abin da na fi so a unguwar shi ne kwandon baranda. Kowane gida yana da kwando ɗaure da igiya. Mace za ta leƙo daga hawa na biyar ta ƙwala wa mai kanti kira, ta zuro kwando, ya sa mata tumatir ko sabulu ta janye. Na ce da matan Funtuwa sun ga wannan da an huta da aiken yara. Su kuma yara a wurinsu na kowa ne. A Denmark mace za ta bar jaririnta yana barci a keke a ƙofar shagon shayi ta shiga ciki, babu mai taɓa shi, amma kuma babu mai yi masa wasa sai da izini. A Alƙahira ban taɓa shiga taragon mata na jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsaya da Abba a hannu ba. Kafin in ankara wata ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, wata tana ba shi biskit, wata tana yi mini faɗa don ban sa masa rigar sanyi ba, yaron da aka haifa a garin ƙanƙara. Da farko na tsorata. Daga baya na gane abin da na yi kewa ke nan shekara da shekaru ban sani ba.

Da Hajiya ta gama kwanakin sujadarta ta ɗago kai, muka shiga sauraron layi. Ranar da ta ce tana ganin wani abu yana juyawa a sama, muka duba, fankar silin ce, Mustafa ya yi kabbara har Ummu Karim ta hawo ba takalmi. Bayan kwanaki ta ga saman labule, sannan saman ƙofa. Muka riƙa ɗaga Abba sama kamar tuta, Mustafa ya ɗora shi a wuya, ta ce tana ganin wani dunƙule yana wutsil-wutsil, amma ba fuska. In ta kalle shi kai tsaye kuma sai iskar ta rufe shi. Layin nan ba ya sauri, wata ɗayan da aka buga mana a fasfo kuwa yana gudu.

Na kira shugabata a wurin aiki. Ta ƙara mini hutu, amma ta gaya mini ranar da dole in dawo, don akwai tsofaffin da ke jirana. Ban ji haushinta ba. Na dai zauna ina tunanin yadda nake wanke iyayen wasu ina ba su abinci a baki, tawa uwar kuma sai an ara mini kwanaki in zauna da ita. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Saura biza. Mustafa ya ce akwai ofishin da baƙi suke zuwa a ƙara musu wa'adi, su ɗalibai can suke sabunta iƙamarsu, wato izinin zama. Muka yi sammako da hotuna da kwafin fasfo. Jama'a kamar kasuwa: Sudanawa, Siriyawa, 'yan Indonesiya da hulunansu, Turawa jajaye da rana ta gasa. Ana ba da lamba, allo yana kira. A kan benci na zauna kusa da wata 'yar kasuwa daga Maraɗi, Hajiya Zali, mai sarin abaya. Ta ji ina rarrashin Abba da yaren can, ta juyo gaba ɗaya.

“Ke 'yar nan, wane irin yare ne wannan, kamar kina haɗiyar tuwo da zafi? Ba Bahausa ba ce ke?”

Na ce Bahausa ce, a Denmark muke zaune.

“To ko a wata kuke zaune, ki yi masa Hausa. In ya je gaban kakarsa da me za su gaisa?”

Na ce ai saboda kakar muke nan, na ba ta labari. Ta ce Allah ya buɗe idon, ta buɗe jaka ta ba Abba dabino, ta kuma tashi ta nuna mini tagar da ake fara miƙa takardu don kada in yi layin banza.

Jami'ar da ta karɓi namu ta buɗe fasfon Abba, ta sa yatsa a kan ranar ƙarewarsa, ta ce, “Tamam,” wato daidai. Da a ce yarinyar nan ta Copenhagen ta ji roƙona ta bar mu, da a ce ma an yi sa'a mun shigo, da yau ina tsaye a nan da fasfon da ya kusa mutuwa ina neman ƙarin zama, uwata kuma ba ta gani ba tukuna. Na nemi gafarar Allah a kan sunayen da na kira ta. Aka ce mu dawo mu karɓa, muka dawo, aka ba mu ba tare da wani ja-in-ja ba.

Daga nan kullum da safe tambaya ɗaya ce: Hajiya, ina layin yake? Ta ce ya sauko kan hoton Ka'aba da ke bango. Ta ce ya kai kan rawanin da Mustafa ya rataye. Likita ya duba ya ce fatar ta kama, amma ko tsakiyar idon zai dawo, wannan ba zai yi alkawari ba. Ranar tafiyarmu tana matsowa, na fara haɗa kaya a ɓoye don kada ta ji ƙarar zif. Ita ma ta daina maganar. Ta koma cewa ai ta ji muryarsa, ta ji ƙamshinsa, Allah ya yi mata komai. Na san Hajiya, in ta fara irin wannan godiyar to ta cire rai ne.

A makon da za mu taso, wata safiya muna zaune a tabarma muna karyawa. Ummu Karim ta aiko da ful da gurasa mai zafi, an buɗe ƙofar baranda, mai gas yana wucewa a ƙasa yana buga tukunyarsa da ƙarfe. Hajiya tana kan kujera da kofin shayinta mara suga. Ni da Mustafa muna gardama a kan wace tasi za ta kai mu filin jirgi, Abba yana tsakaninmu yana dangwalar wake yana shafe fuska da shi.

“Rakiya.”

“Na'am, Hajiya.”

“Da hagu kike barin mijina yana cin abinci?”

Na ce, “Ai haka yake tun...” Na dubi Mustafa, ya dube ni. Babu wanda ya taɓa gaya mata.

“Ku biyu kuna zaune da idanunku bibbiyu, yaro yana kai loma da hagu, babu mai cewa komai. Miƙo mini shi nan.”

Na ɗaga shi na tsayar a gabanta. Ba ta shafa shi ba wannan karon. Ta riƙe kafaɗunsa ta ɗan ja baya, ta dube shi tun daga gashi har ƙafa, ta sake dawowa kan fuskar ta tsaya a nan. Mustafa ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga. Ni ko ɓoyewa ban yi ba.

“Kai, amma an yi mummunan miji,” in ji ta. “Ji baki duk wake.”

Ta sa gefen mayafinta ta goge masa, ta zare gurasar daga hannunsa na hagu ta danƙa masa a dama, ta ce ya yi bismillah. Abba ya dube ta, ya dubi gurasar, ya mayar da ita hagu a hankali yana satar kallonta. Wannan ma ta gani.